Sai An Ba Ta Izini

Wataƙila wani dattijo cikin masu karatu zai duba maganar nan ya ce, "Malamin makaranta, ga furfura ta fara fitowa a gemu, ya rasa abin da zai rubuto mana sai wasan yara na talabijin?" Mun yarda, Baba, wasa ne. Amma wasan nan ya ɓata mana rai har shekara goma, daga baya kuma ya tona mana asiri a tsakar ɗakinmu, a gaban iyali. Domin haka za mu ɗauko labarin tun daga tushe.

Sunan matar da muke magana a kanta Samus Aran. Ba mutum ba ce mai nama da jini. Ƙago ta aka yi a ƙasar Japan, a kamfanin Nintendo, cikin wani wasa mai suna Metroid wanda ya fito a 1986. Mai wasa yakan bi da wani jarumi sanye da sulke tun daga kai har ƙafa, hannunsa na dama bindiga ne, shi kaɗai cikin kogunan wata duniya da ake kira Zebes. Aikinsa ya bi sawun 'yan fashin sararin sama waɗanda suka sace wata muguwar halitta, ita ce Metroid ɗin, mai kama da ƙwaryar da aka kife, da haƙora a ƙasa, tana shawagi, in ta manne wa mutum sai ta tsotse ransa. Ɗan littafin da ya zo da wasan a Turanci ma "shi" yake ce wa jarumin. Sai wanda ya gama wasan da sauri ne yake ganin an tuɓe kwalkwali, ashe mace ce. Masu ƙirar sun ce ana tsakiyar aikin ne wani daga cikinsu ya kawo shawarar a yi haka.

Mu dai ba mu sadu da ita ba sai wajen 1996, a Jos. Wan wani abokinmu ya komo daga Legas da akwatin wasa na gwanjo, Super Nintendo, da kaset uku. Ɗaya daga ciki shi ne Super Metroid, wasa na uku a jerin, wanda ya fito a 1994. Ran Asabar, in mun gama wankin kayan makaranta da ɗiban ruwa, sai mu taru mu biyar bisa tabarma ɗaya. Abin riƙewa guda ne, doka kuwa ita ce, wanda ya mutu ya miƙa wa na kusa. To, a wasan nan in jarumin ya mutu sulken yakan farfashe. Ranar fari da haka ta faru muka ga dogon gashi ya zubo. Wani cikinmu ya yi tsalle ya ce, "Kai! Mace ce!" Wani kuma ya ce shi ba ya wasa da mace, ya fita waje. Bai yi minti goma ba ya komo yana tambaya ko layinsa ya wuce.

Abin da ya kama zuciyarmu game da ita shi ne, ba ta magana. Akwai 'yan layuka a farko inda take ba da labarin abin da ya wuce, daga nan shiru har ƙarshe. Kumbonta yakan sauka a Zebes cikin ruwan sama, ta fito, ba mai taryenta, ba mai nuna mata hanya. Kowane abu sai ta nemo shi da kanta: dabarar dunƙulewa kamar bushiya domin shiga rami, da roka, da bam, da harbin da yake daskarar da abokin gāba. Akwai wani yanki a can ƙasa mai suna Norfair, inda dutse yake narkewa don zafi. In ka shiga waɗansu ɗakunansa da sulken da ka zo da shi, sai ka ga ranka yana tsiyayewa kamar ruwa a kwando. Dole ka ja da baya, ka nemi wani ƙaton ƙadangare kore mai suna Kraid, ka kashe shi, sa'an nan ka sami riga mai suna Varia wadda wuta ba ta ci. Ka sa ta nan take, ka koma, ƙofar da ta gagare ka jiya ta zama hanya. Mun cika bayan littafin lissafi da zanen hanyoyin ɓoye. Sau da yawa aka ɗauke wuta kafin mu kai ɗakin ajiya, aikin yini guda ya tafi a banza, mu sāke daga baya.

Ƙarshen wasan kuwa har yau yana idonmu. A wasa na biyu, na 1991, an aiki Samus ta hallaka dukan Metroid a duniyarsu. Ta gama da su, sai ƙwai na ƙarshe ya ƙyanƙyashe a gabanta, ɗan ya ɗauka ita ce uwarsa, yana ta kewaya ta. Ba ta harbe shi ba. Ta kai shi wurin masana, daga can ne wani dodo mai fikafikai, Ridley, ya sace shi, abin da ya mai da ita Zebes ke nan. A ƙarshe shugabar 'yan fashin, Mother Brain, wato Uwar Ƙwaƙwalwa, ta kai ta ƙasa, ko tashi ba ta iyawa. Sai ga ɗan nan ya girma ya zama ƙato, ya fāɗa wa Uwar Ƙwaƙwalwa, ya tsotse ƙarfinta ya zuba wa Samus, ya rufe ta da jikinsa har aka kashe shi a bisanta. Ba a furta ko kalma ɗaya ba. Mu biyar muka yi tsit. Wanda ya ce ba ya wasa da mace shi ne ya ce hayaƙin madafa ya shiga masa ido. Bayan wannan ana ba ka minti uku ka tsere kafin duniyar ta fashe, amma akwai wani ɗaki a gefen hanya inda waɗansu 'yan dabbobi suka maƙale, waɗanda suka koya mata dabarun tsalle tun da fari. Ba wanda zai ce maka ka je. In ka ga dama ka ratse ka fasa musu bango.

Kada mu wanke tsofaffin wasannin nan fiye da kima. Ladan wanda ya gama da sauri shi ne a nuna masa ita da 'yan guntayen tufafi, wannan kuwa ba girmamawa ba ce, iyaye su sani. Amma muddin tana cikin sulke, wasan bai taɓa shakkar hankalinta ba.

Shekaru suka wuce. A 2010 mun riga mun yi aure, muna koyarwa, a shekarar ce kuma aka haifa mana 'yar fari. Masu karatu za su gafarce mu, ba za mu kama sunanta ba. A wani shagon intanet muka karanta cewa sabon wasa ya fito, Metroid: Other M, a kan akwatin Wii. Yoshio Sakamoto, wanda ya shugabanci aikin Super Metroid, shi ya rubuta labarin da hannunsa, aka haɗa kai da wata ƙungiyar masu ƙira ta Japan mai suna Team Ninja. Labarin zai tashi daga daidai inda na 1994 ya tsaya, za a kuwa ji muryar Samus da abin da yake zuciyarta. Sai 2012 muka sami Wii na gwanjo. Kuɗin da muka faɗa wa uwargida ba shi ne kuɗin da muka biya ba, mun riga mun nemi gafara a kan wannan.

Ta yi magana kuwa. Hotunan labarin da ke cikin wasan, in an haɗa su, sun kai wajen awa biyu, yawancinsu kuwa Samus ce take zance da kanta cikin murya mai sanyi kamar mai karanta wasiƙar wani. "Jaririn" ne a bakinta safe da yamma. Kiran neman taimakon da ta amsa, sunansa kukan jariri. Kumbon da ta je, sunansa jirgin kwalba, masu wasa kuwa ba su daɗe ba suka tuna da bulumboti. Haruffan farko na sunan wasan ma, in ka jera su, kalmar "mama" ce ta Turancin Amurka. Uwargida tana goyo a lokacin, ta leƙo ta tambaye mu ko asibitin haihuwa muka sayo. Abin da wasan 1994 ya faɗa da shiru har ya sa samari biyar hawaye, wannan ya yi ta nanata shi har ya gundure mu.

Wannan duka da mun haƙura. Abin da ya tsaya mana a maƙogwaro shi ne maganar izini.

A cikin kumbon Samus ta tarar da wata ƙungiyar sojoji, shugabansu kuwa Adam Malkovich ne, wanda ta yi aikin soja a ƙarƙashinsa tana budurwa, tana kuma duban sa kamar uba. Yanzu ba ta cikin soja, mai zaman kanta ce. Duk da haka ta yanke shawara ba za ta taɓa wani makaminta ba sai Adam ya ce ta taɓa. Mun gane dabarar masu ƙira. Kowane wasan Metroid yana bukatar hanyar da za a raba ta da ƙarfinta a farko, domin mai wasa ya tara shi kaɗan kaɗan. Akwai ma hujja mai kyau a wani fannin: babban bam ɗinta yana iya ƙone mutum ƙurmus ko ta bayan bango, ga kuwa mutane a kumbon. Duk shugaba mai hankali zai hana wannan.

Amma sai aka aike ta yanki na uku, inda aka ƙera wuri mai aman wuta irin na Norfair. Rigar Varia tana jikin sulkenta, ta riga ta same ta tun dā, abin da ya rage ta kunna kawai. Rigar nan ba ta harbi, ba ta fashewa, ba ta iya cutar ko ƙuda. Ba ta kunna ba, gama Adam bai ce ba. Muka zauna riƙe da abin wasa muna kallon ranta yana raguwa ɗaki bayan ɗaki, tana gudu, narkakken dutse yana tasowa a bayanta, Adam kuwa yana ganin kome ta na'urar da ke kwalkwalinta. Ita ba ta roƙa ba, shi bai tuna ba. Sai da ta kai ƙwanƙolin dutsen, wani dodo ya taso mata, sa'an nan murya ta zo cewa an yarda ta sa rigar. Muka ajiye abin wasa a kan tebur, muka fita tsakar gida muka sha iska.

Gaba kaɗan kuma ga Ridley. Bisa ga labarin, shi ne ya kashe iyayenta tana 'yar shekara uku. Da ta gan shi sai ta daskare, aka nuna ta ta koma ƙaramar yarinya tana kuka, sulken ya watse daga jikinta, har wani soja abokinta, Anthony Higgs, ya shiga tsakani aka make shi ya fāɗa rami. A nan muna so mu yi adalci. Mu da muka zauna a Jos a 2001 da 2008 ba za mu yi wa tsoro dariya ba. Mun san ƙarfafan mutane waɗanda har yau in taya ta fashe a titi sai gwiwarsu ta saki. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Masu kāre wasan sun ce ta ɗauka Ridley ya mutu har abada tare da Zebes, ganinsa kuwa kamar ganin fatalwa ne, wannan magana ce mai ma'ana. Da a ce wurin nan shi kaɗai ne, da mun karɓa, ko da yake ta kayar da dodon nan a wasan 1986, ta kuma kashe shi a na 1994 ba tare da ta ja da baya ba. Amma ba shi kaɗai ba ne. Wajen ƙarshe, da ta nufi wani sashe mai haɗari domin ta gama aikin, Adam ya harbe ta daga baya don ya tsai da ita, ya yi mata bayani tana durƙushe, ya shiga shi kaɗai ya mutu. Abin da ya komo da ita kumbon daga baya shi ne ta ɗauko kwalkwalinsa, ta fito tana rungume da shi. Akwai wuri ɗaya ko biyu da ta kunna kayanta da kanta, amma sai bayan da muryar Adam ta yanke. Wato hankalinta yana nan, an dai ajiye shi ne muddin akwai namiji a kan waya.

Ba mu kaɗai muka ji haushi ba. Wata mai sharhin wasanni a Amurka, Abbie Heppe, ta ba wasan maki 2 cikin 5, ta ce an ƙasƙantar da Samus, aka kuwa yi mata ca. Waɗansu suka ce ai dā ma Samus ba ta da hali, masu wasa ne suka cika shirunta da abin da ransu yake so, yanzu da mai ita ya buɗe mata baki ba su da ta cewa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, gama mu ma mun cika shirun nan da namu. Amma shiru ma magana ce, aiki kuwa ya fi ta. Matar da ta ƙi harbin ɗan Metroid alhali an aike ta ta hallaka su duka, ta riga ta nuna mana tana auna umarni da hankalinta. Waɗansu masu jin Japananci kuma suka ce fassarar Turanci ce ta daɗa ɓata abin. Ko da haka ne, fassara ba ita ta hana ta sa riga ba. Cinikin wasan bai kai yadda aka zata ba, shugaban Nintendo na Amurka a lokacin, Reggie Fils-Aimé, ya faɗi haka da bakinsa. Samus ba ta sāke jan wani wasa nata ba sai 2017. A 2021 aka fitar da Metroid Dread, Sakamoto ɗin nan dai yana bisa aikin, tare da wani kamfanin ƙasar Sifen mai suna MercurySteam. A can ta koma mai ƙarancin magana, wajen ƙarshe kuma, da wata murya mai kiran kanta Adam ta ce ta miƙa wuya, ta gane maƙiyi ne ya ari muryar, ta ɗaga bindiga ta harbi na'urar. An sayar da fiye da miliyan 3, ba wani wasan Metroid da ya kai haka kafinsa. Albashin malami bai kai ga akwatin Switch ba, a YouTube muka kalla, a wayar hannu, muna ta gyaɗa kai kamar mu muka ba su shawara.

Shekara goma ke nan muna da wa'azi guda a kan wasan nan, duk abokin da ya tsokano zancen sai ya ji shi. Mukan ce kukanta bai dame mu ba, biyayyarta ma ba ita ce ta ɓata mana rai ba, gama mu ma biyayya muke koya wa yara kowace safiya, bin na gaba kuwa ba abin kunya ba ne. Laifin shi ne an ɗauki mace mai hankali an mai da ita wadda za ta ƙone da maganin wuta a jikinta, aka kuma nuna mana wannan kamar abin yabo. Mukan rufe da cewa ba mace mai rai da za ta yi haka, marubucin bai san mata ba.

Yanzu sai mu shigo gida.

A gidanmu akwai doka, ba yaron da zai shiga gidan kowa, ko na maƙwabci, sai da izininmu ko na uwarsu. Iyaye sun san dalili, zamani ya lalace, balle ga mai 'ya mace. Amma ba mu taɓa zama mun faɗa wa yaran dalilin ba. Da yatsa muka kafa dokar. Ran da 'yar farin ta shiga maƙwabta kallon fim tana 'yar shekara takwas, mun zane ta, muka ce mata ko me ya faru, ko sama za ta fāɗo, kada ta ƙara.

A watan Yuli na 2022 muka tafi jana'iza ƙauye tare da uwargida, da nufin mu komo kafin a tashi daga makaranta. Mota ta lalace a hanya, wurin kuwa waya ba ta shiga. Sai a nan muka sa hannu a aljihu muka ji mabuɗin gida. Yarinyar tana da shekara 12, ƙanenta 5. Suka komo wajen ƙarfe biyu suka tarar da ƙofa a kulle, hadari kuma ya haɗu. Wanda ya san ruwan Jos na Yuli ya san abin da muke nufi, ranar har da ƙanƙara. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda yaran suke kira Kaka, ta kira su sau uku daga ƙofarta. Ta fito da laima ta kama hannun yaron, yarinyar ta riƙe ɗaya hannun ta ce, "Kaka, ki yi haƙuri, Baba ya hana." Da tsohuwar ta rasa yadda za ta yi, sai ta kawo bargo da buhu ta lulluɓe su a ƙarƙashin 'yar rumfar ƙofarmu, inda feshi yake shiga ta kowane gefe. Bayan ƙarfe biyar muka iso. Da dare jikin yaron ya yi zafi, numfashi yana fita da sauri, haƙarƙari yana shiga ciki. Likita ya ce namoniya ce. Kwana huɗu muka yi a asibiti, daren fari kuwa ba mu san ko za mu fito da shi ba.

A barandar asibitin muka juya kan yarinyar. "Ke ba ki da hankali ne? Kina gani ƙanenki yana rawar sanyi, ga gida a buɗe, ga Kaka tana kira?"

Ta dubi ƙasa ta ce, "Baba, kai ka ce ko me ya faru."

Muka ce ta rufe mana baki. Yaron ya warke, muka yi godiya, muka ɗauka magana ta ƙare.

Da hutun Kirsimeti na shekarar yaran suka tono tsohon Wii daga ƙarƙashin gado. Faifan da ke ciki Other M ne. Yarinyar ta kama wasan, hannunta kuwa ya fi namu sauri. Wata yamma muna zaune muna duba jarida, muka ɗaga kai muka ga ta shiga yankin wuta, ran Samus yana raguwa. Tsohon wa'azi ya taso. Muka ce, "Kin ga wautar da nake faɗa? Rigar tana jikinta fa! Me zai hana ta sa?"

Ba ta ko ɗauke ido daga talabijin ba. Ta ce, "To, ai bai ba ta izini ba, Baba."

"Amma ƙonewa take yi!"

"In ta sa, zai yi fushi."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne da ya fi mana sauƙi. Ta faɗa ne kamar mai ba da amsar biyu da biyu, tana mamakin yadda babba bai gane abu mai sauƙi haka ba. Wurin da dubban mutane a Amurka da Turai suka yi ta jayayya a kai, wurin da ya fitar da mu tsakar gida shan iska, ita ba ta ga kome a ciki ba. Uwargida tana bakin ƙofa tana tsintar shinkafa. Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Malam, ka ji ko?" Ba ta ƙara ba, ta ci gaba da tsinta.

Daren nan barci ya ƙi zuwa. Laifi tudu ne, mun taka namu shekara goma muna hangen na wani mutum a Japan. Mun ce ba mace mai rai da za ta yi haka, ga ta kuwa tana kwance a ɗaki na kusa, mu muka rene ta. Sakamoto a cikin wasa ya rubuta tasa, in an kashe akwati ta ƙare. Har ma Adam ya fi mu a abu ɗaya, gama bai tsaya a baranda ya zagi Samus don ta ƙone ba. Muka tuna kuma da aji. Yarinyar da take zaune shiru, ba ta motsi sai an ce, ita muke rubuta wa "mai ladabi" a takardar sakamako. Yaron da yake gardama mukan yi masa bulala, amma a ɗakin malamai mu ce wannan zai yi nisa.

Kada mai karatu ya zaci mun shirya da wasan. Har yanzu muna ganin an zalunci Samus, gama labarin bai taɓa nuna Adam ya yi kuskure ba, ya mutu jarumi, ita kuwa ta bi shi da godiya. Abin da ya sāke shi ne, mun daina cewa abin ba ya yiwuwa.

Neman gafara wurin 'yar cikinka ba abu ne mai sauƙi ga irinmu ba. Mun yi kwana biyu muna kewaye. A rana ta uku muka same ta tana wanke kwanoni a bayan ɗaki, muka tsaya muna duban randa, muka ce maganar da muka yi mata a asibiti ba daidai ba ce, laifin namu ne. Muka faɗa mata dalilin dokar, abin da ya kamata mu yi tun tana shekara takwas, cewa an kafa ta domin ta tsare su ne, in kuwa bin ta zai cuce su, to, ta yi abin da hankalinta ya ba ta, mu za mu tsaya mata. Ta yi shiru tana cuɗa tukunya. Can ta ce, "To, Baba, yaya zan san ranar da dokar ba ta aiki?"

Muka ce in rai yana cikin haɗari.

Ta ce, "Ai ban san zai yi ciwo ba. Na ɗauka ruwan zai ɗauke."

Gaskiyarta. Ba mu sami amsa mai kyau ba a ranar, ba mu kuwa tabbata muna da ita yau ba. Abin da muka iya shi ne, muka je kasuwa aka yanka mabuɗi na biyu, uwargida ta sa masa zare, yarinyar ta rataya a wuya. Muka kuma je muka gai da Kaka, wadda ta faɗa mana abin da ya sauwaƙa, muka sunkuyar da kai muka sha.

Mai akwatin na fari ya bar Super Metroid a cikinsa. Kafin hutu ya ƙare muka buɗe mata shi. Da fari ta raina hotunan, ta ce kamar zanen 'yan aji uku. Ta yi ta jira wani ya yi magana, ba wanda ya yi. Da ta kai Norfair ta shiga ɗakin zafi, ta ga rai yana tsiyayewa, sai ta juyo ta dube mu. "Baba, in koma ko in wuce?"

Mun san amsa. Mun san bangon da za a fasa, mun san inda Kraid yake kwance, zanen yana kanmu tun 1996. Bakin malami kuwa ƙaiƙayi yake yi. Muka tura hannuwa ƙarƙashin cinya muka ce, "Abin yana hannunki."

Ta wuce, ta mutu. Ta sāke wucewa, ta sāke mutuwa. A na uku ta ja da baya. Kwana huɗu tana yawo cikin koguna, tana jefa bam a kowane lungu, tana fushi da mu, ƙanenta yana ba da shawarwari marasa kai. Sau biyu ta ratsa ta gaban bangon, muka tashi muka tafi shan ruwa. Da yammar rana ta huɗu ta fasa shi. Kraid ya kashe ta sau uku kafin ta gane sai ya buɗe baki ake harba roka. Da ya nutse, ta shiga ɗaki na gaba ta ɗauki rigar, sulken ya juye ruwan goro, kafaɗu suka yi tudu. Yaron yana ta tsalle bisa kujera. Ba ta kai ɗakin ajiya ba aka ɗauke wuta.

Kashegari da asuba, muna kwance, muka ji kukan Kraid daga falo, an rage murya ƙasa ƙasa. Uwargida ta ce, "Kai ka ce ta kunna?" Muka ce a'a. Ta ja bargo ta juya.